Farin da ba na Girkawa ba

Wanda ya gaji kufai, me ya gada? Ginin da magabata suka tayar, ko abin da ruwa da rana suka rage masa? Tarihin sassaƙa da ginin Turai ya tsaya a kan wannan tambaya, ko da yake Turawa sun daɗe ba su yi wa kansu ita ba.

A shekarar 1416, malamin Italiya Poggio Bracciolini ya ci karo da kwafin littafin Vitruvius a gidan sufaye na Saint-Gall, a ƙasar Suwizalan ta yau. Vitruvius magini ne na Rum, na zamanin sarki Augustus. Ya ɗora gini a kan abu uku, wato ƙwari da amfani da kyau, ya kuma nemi ma'auninsa a jikin ɗan Adam. Alberti ya bi sawunsa, Palladio ya buga nasa littafin a 1570, daga nan ginshiƙan Girka da Rum suka bazu har cocin Madeleine na birnin Paris da majalisar dokokin Amurka. Wannan gado ne na rubutu da awo, kuma ya iso da sauran lafiyarsa.

Gadon dutse kuwa ya iso tsirara. Sa'ad da aka tono mutum-mutumin Laocoon a Rum a 1506, fari aka same shi, kuma Michelangelo na cikin waɗanda suka fara ganinsa. Sai masu sassaƙa suka ɗauka haka magabata suka so aikinsu. A 1764 Bajamushe Winckelmann ya mai da zaton nan aƙida, ya ɗaura kyau da fari, ya ga natsuwar Girkawa a cikin rashin launi. Alhali Parthenon, ɗakin bautar da aka gina a Atina tsakanin 447 da 432 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sha ja da shuɗi. Siffofin ƴan matan da aka tono kusa da shi a 1886 sun fito da sauran fenti a gashi da tufafi. Abin da Turai ta yi ɗaruruwan shekaru tana koyi da shi, tufa ce da ta koɗe.

To, shin aikin da aka gina a kan kuskure ƙarya ne? Da wuya mai adalci ya ce haka. Masassaƙin da ya haramta wa kansa launi, dole ya sa dutse ya yi magana da inuwa, da jijiyar hannu, da naɗin riga. Siffar Dawuda da Michelangelo ya gama a 1504 ba ta Girkawa ba ce, Bagirke ma zai iya cewa ba a ƙarasa ta ba, amma babu wanda ta yaudara. Magaji ya yi aiki da abin da ya tarar, ya haifi abin da babu shi a da.

Laifi ya soma ne daga ranar da sani ya zo aka juya masa baya. Tun farkon ƙarni na 19, Quatremère de Quincy da Hittorff suka kawo hujjojin launi a Faransa. Mutane da yawa suka ƙi ji, domin farin ya riga ya zama tutar wayewa, launi kuwa aka bar wa al'ummun da ake rainawa. Shi ya sa maganar ta wuce sha'anin fenti. A 1937 da 1938, a gidan tarihin British Museum na Landan, ma'aikata suka kankare wasu sassaƙe-sassaƙen Parthenon da ƙarafan jan ƙarfe, don a faranta wa Duveen, attajirin da ya biya kuɗin zauren, mai son ya gan su fari fat. Michelangelo bai sani ba. Waɗannan suna da hanyar sani, amma suka gyara magabaci don ya yi kama da hoton da suka zana masa.

Fatar dutsen da aka kankare ba ta dawowa. Sai dai a 2023 masu bincike suka ba da sanarwar cewa sun haska wasu daga cikin duwatsun gidan da na'ura, sun gano burbushin shuɗin Masar a maƙale cikin naɗin tufafinsu.