Zuciyar da Ta Iya Komawa Natsuwa

Karatu: 1 Timoti 4:6-10

'Yan'uwa, duk wanda ya sauko daga gado yau da safe an yi masa hidima bai sani ba. Da mutum ya miƙe tsaye, jini kusan rabin lita yakan gangara ƙafafu da ciki. In aka bar abin haka, sai jiri ya kwashe shi. Amma a wuya, da kuma jikin babbar hanyar jinin da ta fito daga zuciya, akwai ƙananan jijiyoyi masu jin ƙarfin matsawar jini. Su ke kai wa ƙwaƙwalwa labari, kafin ƙiftawar ido zuciya ta ƙara sauri, hanyoyin jini su tsuke. Babu wanda ya nemi izininmu. Allah ya san da ya bar bugun zuciya a hannunmu, da daren farko barci ya halaka mu.

Ga abin da ya fi ban mamaki. In aka bar zuciya da halinta, wajen sau 100 take bugawa a minti ɗaya. Amma lafiyayyen mutum a zaune, yawanci tsakanin 60 da 80 tasa take. Wata doguwar jijiya ce, wadda likitoci ke kira bagus, ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta riƙe ta kamar linzami a bakin doki. A shekarar 1845 wasu masana biyu, wa da ƙane, Ernst da Eduard Weber na ƙasar Jamus, suka nuna cewa in aka motsa wannan jijiya zuciya takan rage gudu. Shi ya sa wanda aka dasa wa sabuwar zuciya, da yake an yanke jijiyar wajen tiyata, ko yana hutawa bugunsa yakan kusanci 100. Ashe kwanciyar da muke ji a ƙirji, riƙo ne ake yi mana dare da rana.

Da mutum ya ɗauki fartanya ko ya fara sassarfa, abin da ƙwaƙwalwa ke fara yi shi ne ta sassauta riƙon. In aiki ya yi tsanani, sai jijiyoyin zaburarwa su shigo, tsokoki ma su aika da nasu saƙon. Zuciyar da ke tura jini lita 5 a minti sai ta kai lita 20 ko fiye. Matsin jini ya hau, jiki kuwa ya yarda da hawan domin akwai aiki. Wannan tashin ba ciwo ba ne, baiwa ce.

Abin dubawa shi ne me ya faru bayan an tsaya. A 1999 likitoci a birnin Cleveland na Amurka suka bayyana binciken da suka yi kan mutum fiye da 2,000. Waɗanda bugunsu bai sauka da fiye da 12 ba a minti na farko bayan motsa jiki, sun fi sauran haɗarin mutuwa cikin shekarun da suka biyo. Saurin saukowa alamar lafiya ce, kuma horo na ƙara shi. Mai motsa jiki kullum zuciyarsa takan sauko da wuri, ta huta a ƙasa, matsin jininsa ma yakan ragu na sa'o'i bayan ya gama.

Timoti yana hidima a Afisa, birnin da ya saba ganin 'yan wasa suna horo. A karatunmu na yau, Bulus bai raina wannan horon ba, sai dai ya ɗora horon ibada a samansa. Mu kuwa sau da yawa mukan ɗauka mai tsoron Allah shi ne wanda ransa ba ya taɓa ɓaci. Ba haka ba ne. Za a yi mana ƙarya, mai bashi zai ƙi biya, yaro zai kwana da zazzaɓi, zuciya kuma dole ta tashi. Tambayar ita ce: kwana nawa muke yi kafin mu sauko? Akwai wanda faɗan minti biyar ke hana shi gaisawa da maƙwabcinsa shekara guda.

Bitrus ya yi musun Ubangijinsa har sau uku don tsoro, amma a daren nan ya yi kuka mai zafi, bai kuwa ƙaurace wa sauran almajirai ba. Da Yesu ya tashi, a cikinsu ya same shi, ya damƙa masa kiwon garkensa. Bitrus ya faɗi, amma ya san hanyar komawa. Irin wannan hali a cikin gwagwarmayar yau da kullum ake koyonsa: a yafe yau, a riƙe harshe gobe, a durƙusa a yi addu'a ko da rai bai so ba. Kowane karo riƙon Ruhu Mai Tsarki yana ƙara ƙarfi a kanmu.

Aikin yau: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Mu fara da tafiya mai ɗan sauri ta rabin sa'a. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tuntuɓi likita tukuna. In kuma akwai wanda muke riƙe da shi a rai, mu neme shi kafin rana ta faɗi.

Addu'a: Ya Uba, mun gode domin kiyayewar da kake yi mana ba da saninmu ba. Ka ba mu ƙarfin aikin yau. In fushi ko tsoro ya tashe mu, ka maido mu gare ka da wuri, ka kuma ba mu tawali'un neman sulhu da 'yan'uwanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.