Rufin Asirin Da Ke Cinye 'Ya'yanmu

Mu masu sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun san wani abu: kuskuren da aka gano ranar da aka yi shi, cikin 'yan mintuna ake gyara shi. Wanda aka ɓoye har manhajar ta shiga wayoyin jama'a kuwa, sai ya ci watanni da kuɗi. Mun kuma lura, duk ma'aikatar da ake wulaƙanta wanda ya ce "na yi kuskure", ma'aikatanta ɓoye kurakurai suke koya. Wannan darasin yana faɗo mana a rai duk lokacin da aka ɗauko zancen shaye-shaye.

A ce uwa ta tsinci ƙwayar tiramol a aljihun ɗanta mai shekara 15. Wane haƙƙi ne ya fi nauyi a kanta, mutuncin gida ko lafiyar yaron? Yawancinmu mutuncin gida muke zaɓa. A yi masa duka a ɗaki, a ja masa kunne, a yi shiru kada maƙwabta su ji, kada a fasa auren yayarsa. Mun kira shi rufin asiri, alhali yaron abu guda ya koya: gobe ya ƙara iya ɓoyewa.

Ga shi matsalar ta wuce gida ɗaya. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabata, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar ne gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan rahoton BBC. An hana kwalba, amma damuwar da ta kai yaro ga kwalbar tana nan.

Idan muka yi shiru har abin ya gagara, sai mu ruga gidan mari. Ba mu manta da Rigasa a Kaduna ba, inda a Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyaye ne da kansu suka kai da yawa daga cikinsu, kuma ba don ƙiyayya ba. Sun makara ne, suka rasa inda za su dosa.

Wani zai ce lallashi sangarta yaro yake yi, laifi sai da hukunci. Gaskiya ne yaro yana buƙatar iyaka. Sai dai sashen ƙwaƙwalwa mai auna sakamakon aiki ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, kuma wanda ya fara sha da ƙuruciya ya fi saurin kamuwa. Tsananin hukunci a ajiye wa mai sayarwa. Yaron da ya fara ɗanɗana, tambaya yake buƙata: me ke damunka, wa ya ba ka, tun yaushe? Daga nan sai asibiti, ko masu ba da shawara na NDLEA, tun ƙwayar ba ta zame masa jiki ba.

Haka ma ilimi. Tsoratarwar minti goma a taron safiya ba ta koya wa yaro yadda zai ce a'a ga abokinsa a majalisa. Sai an zauna da shi, a aji da islamiyya da kan tabarmar gida, tun yana shekara 12, ya tambaya a ba shi amsa ta gaskiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kowannenmu ya tambayi kansa: da ƙanenmu ya sha wani abu jiya, zai iya zuwa ya faɗa mana yau? Idan ba zai iya ba, daga kanmu gyaran zai fara.