Wa Ya Kayar da Gwarzo, Tsufa ko Mutanen Bayan Fage?

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Babu ɗan kokawar da ya taɓa ɗaura walki ya shiga fage wanda ba shi da ranar faɗuwa. Wannan kowa ya sani, ba abin gardama ba ne. Tambayar da muke so mu duba ita ce: sa'ad da ƙarfin gwarzo ya soma raguwa, wa ke da ikon yanke ranar faɗuwarsa? Abokin karawarsa a gaban jama'a, ko kuwa waɗansu mutane kaɗan da suka zauna a ɗaki tun kafin a buga ganga?

Mu da ke zaune a Abu Hujar da Mai Wurno da sauran ƙauyukan Hausawa na bakin kogi, kakanninmu sun daɗe da baro ƙasar Hausa, amma kokawa ba baƙuwa ba ce a gare mu. Waɗanda suka je Khartum kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023 sun ga yadda 'yan kokawar Nuba suke tara jama'a a Haj Yusuf ranar Juma'a. Amma idan ana maganar kokawa wadda ta zama sana'a a cikin Hausawa, sai a dubi Nijar.

Takobin Nijar

A shekara ta 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a garin Tawa. Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya ɗauki takobi. Tun daga nan gasar take zagaya jihohi. Jihohi 8 ne, kowace tana kawo mutum 10, wato 'yan kokawa 80 ke nan. Wanda aka kai ƙasa ya fita daga neman takobi, har a rage mutum biyu. Wanda ya yi nasara kuwa akan ba shi takobi da doki da kuɗi masu yawa, sunansa ya shiga bakin makaɗa.

A ƙarshen 2023, a Agadas, Kadri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobinsa na 6. Bayan shekara guda gasar ta zo garinsu, Doso. Ya kai karon ƙarshe, sai Abba Ibro na Tawa ya yi nasara a kansa, a gaban mutanensa. Babu shakka abin ya yi wa mutanen Doso zafi. Duk da haka wannan faɗuwa ba ta rage masa kome ba. Takubbansa shida suna nan. Wanda ya kayar da shi kuma ya sami daraja, gama gwarzo ya kayar.

Abin da ake yi a bayan fage

Amma ba a tsakiyar fage kaɗai ake kokawa ba. Kafin mutum ya shiga cikin goman jiharsa, akwai masu zaɓe. Akwai masu haɗa wane da wane. Akwai alƙalai masu yanke hukunci idan lokaci ya ƙare ba wanda ya faɗi. Akwai attajirai da manyan gari masu alkawarin kyauta. Duk waɗannan aiki ne mai amfani, ba a iya yin gasa ba tare da su ba. Sai dai inda kuɗi da suna suka haɗu, nan jaraba take. Shi ya sa a duk ƙasar da kokawa ta zama sana'a akan ji gunaguni: an sayar da wasa, an roƙi wane ya kwanta wa wane, an ajiye wane domin ba ya gaishe da manya.

Wanda wannan ya fi shafa shi ne gwarzon da ya fara manyanta. Sa'ad da yake tashe, ba mai iya taɓa shi, gama jama'a suna bayansa. Da ƙafarsa ta fara nauyi, sai waɗanda suka ci abinci da sunansa su fara lissafi. Ba sa zuwa su gaya masa. Sai dai ya ga an daina aiko masa da saƙo, ya ji labarin kansa a bakin yara.

Labari daga nesa

Akwai wani labari daga ƙasar waje da ya fito da wannan al'amari a fili. A kokawar da ake nunawa a talabijin daga Amurka, masu kamfani su ne suke shirya wanda zai ci tun kafin a shiga, 'yan wasan kuma sun san haka. Wani mutumin Kanada mai suna Bret Hart ya yi wa kamfanin WWF aiki tun 1984, ya riƙe kambinsu har sau 5. A 1997 ya shirya komawa wani kamfani, WCW. Aka ce ya bar kambin ga Shawn Michaels, wanda ba sa ga maciji da juna. Ya ƙi yarda ya faɗi a gare shi a ƙasar haihuwarsa. Aka rabu a kan cewa ba a ranar zai rasa kambin ba. Ran 9 ga Nuwamba 1997, a birnin Montreal, suna cikin wasa sai mai kamfanin, Vince McMahon, ya sa aka buga ƙararrawa kamar Hart ya sallama, alhali bai sallama ba. A sabon kamfanin tauraronsa bai ƙara haskawa kamar dā ba. A Disamba 1999 ya sami mummunan bugu a kai, ya bar kokawa a 2000.

Ka lura, ya mai karatu, ko a wasan da kowa ya san shiri ne, mutumin ya ji an ci amanarsa, jama'a ma suka ji haka. Ashe ba faɗuwar ce ta fi zafi ba. Abin da ya fi zafi shi ne a yi maka dariya a fuska, an riga an gama da kai a ɓoye.

Hujjar masu shiri

Kada mu yi saurin yanke hukunci. Masu shirya wasa suna da abin faɗa. Za su ce jama'a sun gaji da fuska ɗaya, dole a ɗaga sabon jini, in ba haka ba fage ya mutu, kowa ya rasa abinci. Za su kuma ce tsohon gwarzo ba ya jin shawara, in an gaya masa gaskiya sai ya tada rigima. Akwai gaskiya a cikin wannan. Wasa ya fi mutum ɗaya girma, samari kuma suna da nasu haƙƙi.

Amma wannan hujja tana nuna cewa ya kamata a sauya mutum ne kawai. Ba ta nuna cewa ya halatta a yaudare shi ba. Mai shiri yana da iko ya ce, "Wane, bana ba za mu tafi da kai ba, ga dalili." Maganar tana da ɗaci, amma ta ɗauki mutumin a bakin mutum. Wanda ya zaɓi hanyar ɓoye, ba fage yake tsarewa ba, kansa yake tsarewa daga kunyar duban idon wanda ya yi masa bauta.

Mutum uku da aka cuta

Faɗuwar da aka shirya a ɗaki tana cutar mutum uku. Na fari, wanda aka kayar. An ƙwace masa abu na ƙarshe da ya rage masa, wato ya gwada ƙarfinsa ya san iyakarsa da kansa. Zai tsufa yana cewa da an bar ni da na yi, ba kuwa zai sami salama ba. Na biyu, wanda aka ba nasara. An sa masa rawanin da bai san ko nasa ba ne, ya kuma koyi cewa yardar manya ta fi horo amfani. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya: waɗanda suka ɗaga shi yau su ne za su sauke shi gobe ta wannan hanya. Na uku, jama'a. Talaka ya bar gonarsa, ya biya kuɗin shiga domin ya ga gaskiya da idonsa, aka sayar masa da ƙarya. Ranar da ya gane, ko nasara ta gaskiya ba zai ƙara gaskatawa ba.

Shi ma gwarzon yana da nasa

Tsohon gwarzo ba kullum ne ake zaluntarsa ba. Wani lokaci shi ne mai shiga ɗakin. Ya san manya, ya san ƙofofinsu, sai ya roƙa kada a haɗa shi da yaron da yake tsoro, ko a hana yaron shiga. Wannan ma zunubin ɗaya ne. Wanda ya hau ta wurin kayar da na gabansa, bashi ne a kansa ya tsaya a gaban na bayansa. In ya ga jikinsa ba zai iya ba, ya sauka da bakinsa, ya koma koyar da yara. A Maraɗi an sa wa fagen kokawa sunan Kantu, a Doso sunan Salma Ɗan Rani. Ba domin ƙarfinsu ya dawwama ba ne, gama bai dawwama ba. Abin da suka yi a idon jama'a ne ake tunawa.

Abin da ya shafe mu

Yawancinmu ba za mu taɓa riƙe takobi ba, amma kowane ƙauye yana da fagensa. Akwai shugaban ƙungiyar manoma da ya tsufa, akwai malamin makarantar da idonsa ya raunana, akwai mai ba da waƙa da muryarsa ta dushe. Rana tana zuwa da dole wani ya karɓe su. Idan ta zo, kada mu taru da dare mu gama magana, da safe mu gaishe shi kamar ba a yi kome ba. Mu je wurinsa, mu faɗa masa a fuskarsa, mu ji ta bakinsa, mu gode masa a gaban jama'a, mu kuma tuna da shi ranar da ba ya iya noma. Kai kuma da kake kan kujera yau, ka shirya wanda zai gaje ka tun kana da ƙarfi, gama ba a fafe gora ranar tafiya.