Ruwan Kogi: Haƙƙin Na Sama da Haƙƙin Na Ƙasa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, kowane kogi yana da mutanen sama da mutanen ƙasa, ruwa kuwa ba ya isa ga na ƙasa sai ya bi ta ƙofar na sama. To, wanda Allah ya ajiye a sama, shin ruwan ya zama nasa ke nan, ya tare yadda ya so, ya saki abin da ya ga dama? Wannan tambaya ta taso tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ita ce ke tsakanin Kano da Haɗeja da Gashuwa.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Zubairu ɗan Awwamu ya yi jayayya da wani Ba'ansare a kan wata ƙorama da suke shayar da dabino da ita a Madina. Gonar Zubairu ce a sama. Da farko Annabi ya umurce shi ya shayar kaɗan, sa'an nan ya sakar wa maƙwabcinsa. Mutumin ya fusata, har ya yi zargin an fifita Zubairu ne don shi ɗan gwaggon Annabi ne. Sai fuskar Annabi ta sauya, ya ba Zubairu cikakken haƙƙinsa, watau ya tsare ruwan har ya kai bakin kunya. Da aka auna wannan daga baya, sai aka tarar iyakarsa idon sawu. Imamu Malik ma ya kawo irin wannan hukunci cikin Muwaɗɗa game da ƙoramu biyu na Madina, Mahzuru da Muzainibu: a tsare zuwa idon sawu, sa'an nan na sama ya sakar wa na ƙasa.

Abin lura a nan shi ne, ko a lokacin da aka ɓata wa Annabi rai, bai mallaka wa Zubairu ƙoramar ba. Layi kurum ya ba shi na farko, ya kuma yi wa layin iyaka.

Malaman Malikiyya sun ƙara wani sharaɗi wanda masu tsara manyan ayyuka ba su cika jin daɗinsa ba. A Muhtasar na Halilu, ana gabatar da na sama ne idan shi ya riga raya ƙasarsa. Idan kuwa na ƙasa ne ya fara noma a wurin, wani ya zo daga baya ya buɗe gona a samansa, ba shi da ikon ya kashe masa shuka da ƙishirwa. Al-Mawardi kuma, wanda ya rasu a 1058, ya bambanta manyan koguna irin su Dijla da Furatu, waɗanda a ganinsa sun wadaci kowa, da ƙananan da ba sa isa sai an yi rabo. Kogunan Arewa, da suke cika da damina su koma rairayi da rani, suna cikin kashi na biyu.

Kogin Kano da na Challawa su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuma yana gangarowa daga tsaunukan Jos. Biyun suna bazuwa cikin fadamun Haɗeja da Nguru, su haɗu kusa da Gashuwa su zama Kogin Yobe, wanda ke bin iyakar Nijeriya da Nijar ta wajen Diffa har Tafkin Chadi. Tun kaka da kakanni abincin mutanen wannan kwari yana rataye ne da ambaliyar shekara. In ruwa ya malala a shuka shinkafa, kifi ya hayayyafa cikin ciyawa. In ya janye a bi laima da wake da sauran amfanin rani, makiyaya su sauko da shanu, rijiyoyi kuma su sha daga abin da ƙasa ta tsotse.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 kuma aka gama ta Challawa a wajen Ƙaraye. Babu mai adalcin da zai ce an yi su a banza. An gina Tiga ne mutane suna cikin azabar farin 1973. Birnin Kano yana sha daga waɗannan ruwaye, shari'a kuwa ta sa shan mutum da dabba gaba da ban ruwan gona. Shinkafa da alkama da tumatir na Kadawa da Kura sun ciyar da gidaje masu yawa. Amma kuma filin da ambaliya ke rufewa a fadamun ƙasa, wanda yakan kai murabba'in kilomita 2,000 a da, ya faɗo ƙasa da 1,000 a farkon shekarun 1990. Ƙarancin ruwan sama yana da hannu a ciki, madatsun ma suna da nasu. Game da ƙafewar Tafkin Chadi kuwa, bai kamata a ɗora wa Kano laifin da ba nata ba, gama mafi yawan ruwan tafkin daga Kogin Shari yake zuwa.

Wani zai ce, ai ruwan da mutum ya tara da guminsa nasa ne, kamar na randa ko na rijiyar da ya haƙa a gidansa. Gaskiya ne fiƙihu ya yarda da mallakar ruwan da aka kamfata aka adana. Sai dai mai randa ya ɗebi rabonsa ne ya bar kogi yana tafiya, mai madatsa kuwa hanyar ya toshe gaba ɗaya. Har wa yau, hukumar da ta gina ta ba da kuɗin aljihunta ta gina ba. Wakiliya ce a kan dukiyar jama'a, masuncin Nguru kuwa yana cikin jama'ar nan daidai da ɗan kasuwar Kwari. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya sa ruwa da makiyaya da wuta cikin abubuwan tarayya, wani hadisin kuma ya yi kashedi mai tsanani ga wanda ya hana matafiyi rarar ruwansa.

Akwai wani wuri da al'amarin ya fi haka wuya. Mai madatsa yana iya rantsuwa cewa ya saki ruwa, ya kuma yi gaskiya, amma haƙƙi bai isa ga mai shi ba. Fadama ta saba da cika sa'an nan ta bushe. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan rani da damina, sai ciyawar kachala ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwan ya karkata ta mashigar Marma zuwa tafkin Nguru, ya cinye gonakin wasu, alhali wasu garuruwan suna kallon busasshen kwari. Wanda ake bi mudun gero da bazara, ya kawo shi bayan an yi girbi, ya cika mudu amma yunwar ta riga ta yi ɓarnarta. Saboda haka idon sawun wannan zamani ya ƙunshi yawan ruwan da za a saki da kuma watan da za a sake shi, kuma ba a sanin watan sai an tambayi manomi da masunci da makiyayi na ƙasa.

Kogin Jama'are shi ne ya rage ba babbar madatsa a kansa, don aikin Kafin Zaki da aka fara a ƙasar Bauci bai kammalu ba. Mutanen Bauci suna da bukata ta gaskiya, mutanen Yobe da Borno kuma suna tsoron a yanke musu ragowar ambaliyar da suke rayuwa da ita. A ƙa'idar da Halilu ya kawo, kafin a tambayi kadada nawa sabon aikin zai shayar, sai an fara ƙidaya gonaki da mashaya da wuraren su da suka riga shi zama a ƙasa, a fitar musu da abin da zai hana su mutuwa. Abin da ya saura bayan wannan shi ne na sama yake da ikon tsarewa.