Nasihar Juma'a: Baƙon Kirki Ba Ya Ɓarna

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Yake ciyar da mu, Yake shayar da mu, ba don wayonmu ko dabararmu ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, nasiharmu ta wannan mako a kan israfi ce, wato almubazzaranci. Da an ambaci kalmar sai hankali ya tafi kan masu kuɗi da bukukuwansu, talaka ya ce: "Ni da nake fafutukar kuɗin cefane, me zan ɓarnatar?" To, jama'a, israfi ba ruwansa da nauyin aljihu. A Suratul A'araf, aya ta 31, Allah Ya halatta mana ci da sha, kuma a wuri guda Ya hana mu wuce iyaka. A Suratul Isra'i, aya ta 27, Ya haɗa masu almubazzaranci 'yan'uwantaka da shaiɗanu. Bai ware mai kuɗi daga talaka ba.

Mu kuma maganar ta fi shafarmu. Yawancinmu a masallacin nan ba a Bauchi aka yanke mana cibiya ba. Wasu daga Borno da Yobe, wasu daga Filato, wasu daga Damagaram da Diffa. Wani rikici ya koro shi, wani gona ce ta daina ciyar da shi. Dattawanmu da suka taso a bakin Tafkin Chadi sun san yadda yake a shekarun 1960, sun kuma ga yadda ya janye har mafi yawansa ya zama tudu. Wanda ya ga haka da idonsa ai ba sai an yi masa dogon tafsirin aya ta 41 ta Suratur Rum ba, inda Allah Ya danganta lalacewar tudu da teku ga aikin hannun mutane.

Mu fara da ruwa. Ruwan famfon garin nan daga madatsar Gubi yake zuwa, kuma ba kowace unguwa ke samunsa kullum ba. Da yawanmu daga hannun 'yan garuwa muke saye. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (RA) cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudun Nabiyyi guda, yana wanka da sa'i, wato mudu huɗu, zuwa mudu biyar. Mudun nan cikin tafi biyu ne na matsakaicin mutum, kaɗan ya ɗara ledar fiyawota guda. Da shi mafificin halitta yake kammala alwalarsa. To ina dalilin sakin famfo yana zuba tun daga wanke hannu har zuwa ƙafa, ana hira a tsakani? A tari ruwa a buta, kada a wuce wanki uku. Ruwan ɗaurayar kaya a yayyafa wa tsakar gida ko a kai banɗaki. Famfon da ke ɗiga a gyara shi, ko da gidan haya ne.

Sai leda. Mutum zai shiga kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti, tumatir da ledarsa, albasa da tata, maggi ma sai an ƙulla masa. Ledar nan ba ta ruɓewa kamar ganye. Iska ta kwashe ta zuwa kwata, damina ta zo ruwa ya rasa hanya, ya kwanta a ƙofar gida ko ya shige ɗakin maƙwabci. Daga nan sai sauro da zazzaɓi. Ba mu manta da annobar kwalara ta 2021 ba, wadda Bauchi ke cikin jihohin da ta fi yi wa illa. Ku tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin akuyar da ta yi yawo a bola. Masu hura gawayi da leda kuwa su sani, hayaƙin nan guba ne, kuma yaran da ke zaune kusa da murhu su ke shaƙarsa.

Akwai kuma batun mutuncinmu. Idan kwata ta toshe a layin da muke haya, kun san abin da za a fara faɗa: "Baƙin nan ne." Ko da ba gaskiya ba ne, kada mu ba da ƙofa. Mutanen garin nan sun karɓe mu, sun ba mu wurin zama da wurin sana'a, har da aure. Hukumar BASEPA ba za ta iya share ƙofar kowa ba. Muslim ya ruwaito cewa kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani. Saboda haka a riƙa zuwa kasuwa da jaka ko kwando, a sayo koko a kwano kamar yadda iyayenmu suke yi.

Na uku, makamashin girki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya yi tsada, gidaje da yawa suka ajiye tukunyar gas suka koma gawayi da itace. Ba mu ce kowa ya daina girki ba. Amma kowane buhun gawayi bishiya ce aka kayar, kuma Bauchi na cikin jihohi 11 na Arewa da ake yaƙi da kwararowar hamada a cikinsu. A rufe tukunya, a jiƙa wake kafin a ɗora, a kashe garwashi bayan an sauke don ya yi amfani gobe. Tuwon da ya kwana a yi ɗumame da shi, ko a miƙa wa mabuƙaci tun bai lalace ba. Magidanta, kada mu jibga wa mata wannan aiki su kaɗai; mai cefane shi ke shigo da ledar, shi ke sayo gawayin.

Wani zai ce: "Gidan ba nawa ba ne, don me zan dasa bishiya?" Hadisin Anas a Bukhari da Muslim ya nuna duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi, sadaka ce a gare shi. Ba a sharɗanta takardar fili ba. Inuwar da muke sha a garin nan ma wasu ne suka dasa ta, ba su san za mu zo ba. A nemi izinin mai gida, a sa zogale ko dogon yaro, a shayar da shi da ruwan alwala.

Muna roƙon kowane magidanci ya karanta wa iyalinsa wannan takarda yau da daddare, a zaɓi abu guda a fara da shi. Matasa kuma mu haɗu gobe Asabar bayan sallar Asuba, da shebur da tsintsiya, mu yashe kwatar gaban masallaci.

Allah Ya sa mu zama masu godiyar ni'ima, Ya saka wa masu masaukinmu da alheri, Ya zaunar da garuruwan da muka baro lafiya, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.