Wanda Ba Shi Da Ubangida, Wa Yake Yi Wa Aiki?

Mai karatu, ka taɓa tambayar kanka ko akwai mai fasahar da yake zaman kansa da gaske? Narambaɗa yana da ubangida, Sarkin Gobir na Isa, kowa ya san wanda yake yi wa waƙa. Ado Ahmad Gidan Dabino kuwa da kansa ya buga In Da So Da Ƙauna, ya kuma mayar da shi fim a 1994.

To amma fa yaron da ke rera waƙa a situdiyo, ya ɗauki gajeren fim da wayarsa, ya kwana yana rubutu, shi ma yana da ubangida: kasuwa. Ita kuwa ta fi sarki wuyar sha'ani, don yau ta so ka, gobe ta manta da kai. In 'yan kallo suka ce rawa suke so, ga mai gida yana jiran kuɗin haya, yaya zai yi?

Ni dai ban ga laifin neman abinci ba. Tsorona kada ya saba da biye mana har ya manta abin da ya sa shi ɗaukar alƙalami. Kuma da hannunmu a ciki, ni da kai. Abin da muka saya, shi za a ci gaba da yi mana.