Uba Ya Tafi Yaƙi, Ɗa Ya Ƙi

Mai karatu, ga wata tambaya da ta raba gidaje da yawa a ƙasar Amurka: idan hukuma ta kira mutum zuwa yaƙi, ko yana da iko ya ce a'a?

Ran 7 ga Disamba 1941 jiragen Japan suka faɗa wa Pearl Harbor. Samari suka yi ta tururuwa zuwa wurin rubuta suna, gama abokin gaba ya taɓa su har gida. Yaƙin nan ne ya kai waɗansu dattawanmu Burma. Waɗanda suka komo suka yi aure, suka koya wa 'ya'yansu cewa kiran ƙasa ba a yi masa gardama.

Sai ga yaƙin Biyetnam. 'Ya'yan nan suka duba, ba su ga wanda ya taɓa gidansu ba. Waɗansu suka ƙone takardun kira, waɗansu suka gudu Kanada. A 1967 Muhammad Ali ya ƙi shiga soja, aka ƙwace kambinsa na dambe. Cikin shekaran nan kuma Pasto Martin Luther King ya tsaya a majami'ar Riverside ta New York, ya tsauta wa gwamnatinsa. A 1970 sojoji suka harbe ɗalibai 4 a jami'ar Kent State. Uba ya ce ɗansa matsoraci ne, ɗa ya ce ubansa makaho ne. A ganina, uban yana auna sabon yaƙi da tsohon mudu. Amurkawa fiye da 58,000 suka mutu can, mutanen Biyetnam kuwa fiye da miliyan 1.

Amma fa akwai abin da ke damuna game da 'ya'yan. A 1973 aka daina ɗaukar soja dole. Sa'ad da aka shiga Iraki a 2003, bisa zancen waɗansu makamai da ba a taɓa samunsu ba, lalle mutane sun fito kan tituna, amma ba a rufe ɗaruruwan makarantu kamar yadda aka yi a 1970 ba. To, dā can lamiri ne ya tashe su, ko tsoron kada a kira su? Ban ce duka tsoro ne ba, gama Ali ya tsaya har aka yanke masa shekara 5 a kurkuku, kafin Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 1971. Duk da haka, da takardar kira ta daina zuwa ƙofar gida, muryoyi da yawa suka yi sanyi. Sojojin Amurka wajen 4,500 suka mutu a Iraki, kowannensu kuwa da ƙafarsa ya je ya rubuta suna.